Injin faskaren itace na gida: na lantarki ko na fetur, kuma tan nawa ne zai isa?

Baban Ummi
Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah shawara nake nema ga waɗanda suka san injin faskare. Shekara da shekaru ni nake faskara itacen gidana da gatari ban taɓa jin komai ba, to yanzu baya ya ce ya gaji, in na yi awa ɗaya ina sara sai na kwana biyu ina tafiya a karkace kamar an ɗaure min ƙugu, yaran kuma duk sun watse kowa na harkarsa. Akwai bishiyoyi huɗu da aka sare min a fili an yayyanka gunduwa-gunduwa suna nan a jibge. Na fara duba injinan sai kaina ya ɗaure, wani an rubuta tan 5 wani tan 7 wani tan 22 har da mai tan 35, wasu na lantarki wasu na fetur, wani a kwance wani a tsaye. Ni dai ba sana'a zan yi da shi ba, amfanin gida ne kawai. Wanne zan ɗauka?

Kawu Mai Gatari
Wa alaikumussalam. Baban Ummi kai ma ka bi sahun 'yan zamani? Ni na girme ka kuma har gobe gatari nake riƙewa. Kafin injin nan ya tura ya dawo na faskara uku. Ka wasa gatarinka ka daina sara a ƙasa, ka ɗora gungumen kan wani kututture, shi ke nan

Baban Ummi
Hhh Kawu Allah ya ƙara lafiya, ai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Likita ne ya ce in bari ba ni na ce ba

Sarkin Gudu
Baba kar ka wahalar da kanka, ɗauki mafi girma da aljihunka zai iya, ka huta. Nawa tan 35 ne na fetur, babu abin da na taɓa sa masa ya tsaya, ko ƙarfe ka sa sai ya lanƙwasa shi. Waɗannan ƙananan na lantarki kayan wasan yara ne wlh

Maman Khalil
Kayan wasan yara kuma? Ɗan'uwa a yi dai a hankali. Nawa mai tan 7 ne na lantarki, wannan shekara ta huɗu ke nan, kuma ni da kaina nake aiki da shi ba na jiran kowa. Na danna ya tashi, babu jan igiya babu neman fetur babu hayaƙi, ƙararsa ma ba ta hana ka jin mai yi maka magana. Baba kafin kowa ya ce maka sayi kaza ka faɗa mana kaurin gungumen naka da irin itacen, domin can maganar take. In akasarinsu ba su wuce tafin hannu biyu a faɗi ba to babban inji asarar kuɗi ce da wurin ajiya.

Baban Ummi
Madalla Hajiya. Na fita na auna da tef yanzu. Yawanci santimita 20 zuwa 30 ne a faɗi, tsawo kamar 40. Amma akwai na gindi kamar guda goma sha biyu da suka kai 50, ɗaya ma ya ɗan haura. Biyu daga cikin bishiyoyin turare ne, ɗaya mangwaro, ɗaya darbejiya. An sare su kamar wata biyu da suka wuce.

Injiniya B
Salam. Baba bari in ɗan tsawaita domin wannan lambar tan ɗin da ake mannawa a jikin inji ita ce ta fi ruɗin mutane, kuma lissafinta ba wuya kowa zai iya yi da wayarsa.

Injin haidirolik famfo ne ke tura mai cikin silinda, man ya tura sandar ƙarfe, sandar ta danna itace kan bakin ƙarfe mai kaifi. Ƙarfin turin shi ne matsin mai sau faɗin fuskar silinda, ba wani abu ba. Silinda mai faɗin santimita 10, wato kusan inci 4, fuskarta murabba'in santimita 78 da rabi ce. In matsin ya kai bar 200, bar ɗin ma'aunin matsi ne, za ka samu kusan tan 16. Da awon Amurka, inci 4 a kan matsin psi 3000 yana ba da fam 37,700, wato tan 19 nasu, kuma tan ɗinsu kilo 907 ne ba 1000 ba, in ka mayar da shi zai dawo kusan tan 17. To sai ka ga inji mai wannan silindar an rubuta masa 22 ko 25. Kafin inci 4 ta ba da tan 25 sai matsi ya kai wajen psi 4000, alhali bawul ɗin kariya yakan saki mai tun kafin a kai nan. Don haka in za ka kwatanta injina biyu, ka bar sitika, ka tambayi faɗin silinda da iyakar matsi.

Abu na biyu da masu sayarwa ba su cika ɗaga murya a kai ba shi ne gudu, daƙiƙa nawa sanda take yi ta je ta dawo. Famfo mai galan 11 a minti, kusan lita 42 ke nan. Silinda ta santimita 10 mai tafiyar santimita 60 tana cin lita 4.7, zuwa kusan daƙiƙa 7, dawowa ta fi sauri kaɗan saboda sandar ta cinye wani wuri, duka dai 12 zuwa 13. In ka sa silinda ta inci 5 a kan wannan famfon dai, ƙarfi ya ƙaru sosai amma yanzu lita 7.6 za a cika, zuwa da dawowa ya tasam ma daƙiƙa 20. Kana tsaye kana kallo. Mutum ya biya kuɗin ƙarfin da zai buƙata sau goma a shekara, sannan ya biya da lokacinsa a kan kowane gungume sau dubu.

Sarkin Gudu
Injiniya turanci dai. Ni abin da na sani nawa bai taɓa tsayawa ba

Injiniya B
Ban ce zai tsaya ba ƙanena. Ka duba mana takardarsa, famfon galan nawa ne kuma zuwa da dawowa daƙiƙa nawa?

Sarkin Gudu
Na duba, wai 16 a famfo, lokaci kuma 15

Injiniya B
To ka gani, an haɗa maka babban famfo da babban inji shi ya sa ba ya jinkiri, kuma shi ya sa yake shan mai yake da nauyin da sai an ja shi da mota ko mutum biyu sun tura. A wurinka daidai ne in kana tara itace da yawa. Baba kuwa bishiya huɗu gare shi da ciwon baya.

Dan Faskare
Ni aikina ke nan shekara da yawa, da hannu da inji duka, bari in sa baki kan itacen shi kansa tunda Injiniya ya gama da ƙarfe. Ba kauri kaɗai ke hana itace tsagewa ba, yadda zarensa ya kwanta ne. Gungume mai santimita 40 da zarensa ya miƙe zai buɗe da ƙaramin inji fas kamar ba komai, wani mai 20 da ya murɗe ko yake da ƙulli inda reshe ya fito sai ya tsayar da inji cak yana kuka. Turare ɗin nan naka Baba shi ne abin kula, zarensa a sarƙe yake, yana ɗanye yana da sauƙi-sauƙi amma in ya bushe ƙarau kamar dutse yake zama, don haka shi za ka fara yi kar ka bar shi ya shekara a gunduwa. Wata biyu bai ɓaci ba tukuna. Mangwaro ba ya gardama sosai sai dai wurin rassa. Da a ce irin su kirya ko zuciyar tsamiya gare ka masu kauri da na ce kar ma ka kalli ƙaramin inji.

Kuma akwai dabara, babban gungume ba a tunkararsa ta tsakiya, ta gefe ake ɓare shi kana juyawa kana ɓarewa har ya rage zuciyar, a haka mai tan 7 yana cin abin da takardarsa ta ce ba zai ci ba. In ka ga tsaga ta riga ta fito a fuskar itacen ka daidaita bakin da ita. Mai reshe biyu kamar majajjawa kuwa kar ka yi faɗa da shi, a yanka shi da injin zarto a tsaye a wuce wurin.

Maman Khalil
Wannan haka yake. Takardar nawa ta ce faɗi 25 tsawo 52, amma na sha cin 35 da shi ta gefe-gefe. Abin da dai ba na yi shi ne in ya tsaya in ci gaba da dannawa, sun rubuta kar a wuce daƙiƙa 5 ana matsa wa itacen da ya ƙi, mai yana zafi kuma ana wahalar da motar lantarkin da ke juya famfo. In ya ƙi sai in saki in juya shi in gwada wani gefen.

Baban Ummi
Kai Allah ya saka da alheri, ina ta rubutawa a takarda. To waɗannan manyan goma sha biyun fa, ko da injin zai iya ci ni ta yaya zan ɗaga su in ɗora? Jiya na gwada mirgina ɗaya da kyar

Injiniya B
Ai dole. Ɗanyen gungume mai faɗin 50 da tsawon 40 zai iya kai kilo 70 zuwa 80, kusan rabin nauyin ma ruwa ne. Nan ne amfanin wanda ake iya tsayarwa, ka mirgino gungumen kan farantin da ke ƙasa baki ya sauko masa daga sama, ba ɗagawa. Yawancin na fetur masu tan 20 zuwa sama ana iya kwantar da su ana iya tsayar da su, ka zare fil ɗaya ka ɗaga. Akwai na lantarki ma masu tsayuwa, tan 8 zuwa 12 ko fiye, sai dai manyan cikinsu da yawa wuta mai layi uku suke so ta bolt 400 wadda ba kowane gida ke da ita ba, a duba wannan kafin a biya.

Makaniken Unguwa
Baba kar tsayuwar nan ta ruɗe ka kuma. Aiki a tsaye yana nufin kai kana durƙushe ko kana zaune kan gungume kana sunkuyo yini guda kana jujjuya itace a ƙasa, masu ciwon baya da yawa sun ce min wannan ya fi gajiyar da su. A kwance a daidai ƙugu shi ne hutun baya. Matsalar ƙananan na lantarki ita ce gajeru ne, in ka ajiye a ƙasa sai ka yi ruku'u kana aiki, to ko ka sayi mai ƙafafu ko ka ɗora shi kan benci mai ƙarfi ka ɗaure kar ya zame, nauyinsu kilo 40 zuwa 50 ne. Ka kuma ajiye tebur a gefe inda rabin da ka tsaga zai faɗa, in ba haka ba kowane tsagi sai ka sunkuya ka ɗauko daga ƙasa, kuma sunkuyon ne ke kashe baya ba saran ba.

Tunda gyara nake yi bari in faɗi abin da ake kawo min. Na fetur kashi mafi yawa ba haidirolik ɗin ne ke lalacewa ba, kafireta ce, mutum ya yi aiki sati biyu ya ajiye inji wata goma da fetur a ciki, fetur ya tsufa ya yi danƙo ya toshe jet, wato ɗan ramin da fetur ke bi, shekara ta zagayo ya zo yana ta jan igiya yana zagin kamfani. In za ka ajiye ka rufe famfon fetur ka bar shi ya ci na ciki har ya mutu da kansa, ko ka tsiyaye. Ga baƙin mai, ga fulogi, ga matatar iska. Ba wahala ba ce ga wanda ya saba amma aiki ne. In dai na fetur za ka saya ka duba injin da ke kai ya zama irin wanda ake samun kayansa ko'ina, kamar Honda GX200 ko masu irin ƙirarsa, cc 196 ƙarfin doki 6 da rabi, ko Briggs & Stratton. Na lantarki kuma abin da ke kashe su waya ce. Mota mai wat 2200 a kan bolt 230 tana jan kusan amfiya 10 tana aiki, lokacin tashi kuma ninkin haka, sai mutum ya jona ta da siririyar waya mai tsawon mita 40 a nannaɗe, wuta ta faɗi, mota ta yi gurnani ta kasa tashi, kafasita ta ƙone. Waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 za ka sa, gajeriya iya yadda zai yiwu, kuma a warware ta duka.

Abu Sadik
Makanike ka manta da notin iska 😭 ni abin da ya same ni ke nan. Ranar farko na ciro daga kwali ban karanta komai ba na jona na fara aiki, ashe akwai ɗan noti a gaban tankin mai da ake sassautawa zagaye uku ko huɗu kafin a fara domin iska ta riƙa shiga tana fita yayin da sanda ke kai-komo. Ban yi minti ashirin ba na ga mai yana ɗiga, sil, wato robar da ke hana mai yoyo, ya fashe. Na koma wurin da na saya suka ce laifina ne, kuma gaskiya laifina ne, yana nan a shafi na uku da hoto ma. Ana sassautawa kafin aiki, a ɗaure in za a matsar da inji kar mai ya zube.

Makaniken Unguwa
Hhhh kai ne na biyar da na sani. Ƙari a kan haka a ajiye shi a wuri mai daidai, in ma zai karkata to kar ɓangaren da famfo ke zuƙar mai ya zama shi ne a sama, zai zuƙi iska ƙarfi ya ragu mutum ya ɗauka inji ne ya mutu

Yarima_07
Ni tambayata janareta zai ja shi? Inda itacena yake ba wuta

Injiniya B
Zai ja in janaretan ya fi motar ƙarfi da rata mai kyau, domin tashin ne matsala ba tafiyar ba. Mai wat 2500 a kan mota mai 2200 yawanci zai shaƙe. Amma in har kullum da janareta za ka yi to ka riga ka koma fetur ta bayan gida, ga ƙara ga hayaƙi ga ƙaramin ƙarfi, gara ka sayi na fetur kai tsaye.

Yarima_07
Na gane. To wani kuma da nake gani a bidiyo wanda yake tsagawa fat ɗaya cikin ƙiftawar ido fa, da wani mai kama da katantanwa mai zare da yake juyawa yana shiga itace? Wannan na biyun ma na ga mutane suna haɗawa da kansu

Dan Faskare
Na farkon ba ya amfani da man haidirolik kwata-kwata, manyan faya-fayan ƙarfe ne masu nauyi mota ke juyawa, in ka ja hannu sai haƙora su kama sanda ta harba gaba, sifirin ya dawo da ita, daƙiƙa 2 zuwa 3 an gama. Na yi aiki da shi, a kan miƙaƙƙen itace babu mai kamo shi, kai ne ma za ka gaji da ɗora masa. Amma bugu yake yi ba turi ba, in ya haɗu da ƙulli sai ka buga sau biyu sau uku, a kwance kawai yake aiki, kuma saurin nan ba ya ba ka damar janye hannu in ka yi kuskure. Ga dattijo mai aikin gida ba na ba da shawararsa.

Mai zaren nan kuwa Yarima ka rufa wa kanka asiri. Ba ya da tsayawa nan take, in ya cafki hannun riga ko safar hannu nannaɗe ka zai yi, in kuma itacen ya kufce daga tebur sai ya riƙa juyawa da shi kamar farfela. Bidiyon da kake gani na waɗanda suka gama lafiya ne.

Anti Nas
Tunda an zo maganar rauni bari in faɗi nawa, a asibiti nake aiki. Yatsu ne abin da aka fi kawowa, kuma sau da yawa mutum biyu ne ke aiki, ɗaya yana riƙe itace ɗaya yana jan hannun inji, wannan ya ɗauka wancan ya saki. Wanda ya ɗora itace shi zai ja, mutum ɗaya. A riƙe gungume ta gefe ba ta ƙarshensa ba, kuma kar a sa yatsa cikin tsagar da ta buɗe, in sanda ta koma tsagar rufewa take yi.

Na biyu wanda mutane ba su sani ba, in tiyon haidirolik ya yi ɗan huji kar a shafa da hannu ana neman inda yake yoyo. Man yana fita da matsin da zai huda fata ya shige ciki, a waje za ka ga ɗan ɗigo kamar tsinin allura ba ma zafi sosai da farko, a ciki kuwa nama yana mutuwa, in ba a yi tiyata cikin awanni kaɗan ba ana iya rasa yatsa ko hannu. Kwali ake karawa a gani. In ya faru a tafi asibiti a take a gaya musu man haidirolik ne ya shiga. Sannan na fetur ba a tayar da shi cikin gareji ko rumfa a rufe, iskar da ke fita ba ta da wari ba ta da launi kuma tana kisa. Tabarau da takalmi mai ƙarfe a baki dan Allah, itace yana tsalle.

Sarkin Gudu
Anti ni abin da ke ba ni haushi da ƙananan nan shi ne wai sai ka danna maɓalli da hannu ɗaya ka ja liba da ɗayan, to wa zai riƙe itacen? Abokina ɗaure maɓallin ya yi da waya ya huta

Anti Nas
To ka gaya wa abokin naka muna nan muna jiransa

Injiniya B
Da gangan aka yi shi haka, ƙa'idar Turai ce ta EN 609-1 ta sa a riƙa sarrafa su da hannu biyu, domin hannun da ke kan maɓalli ba zai kasance tsakanin itace da baki ba. Yana rage sauri, gaskiya ne. In itacen yana zamewa yawanci yankan ne bai miƙe ba, a gaya wa mai zarto ya riƙa yanka fuska a daidai ba a karkace ba. Kuma abin da zai mayar maka da lokacin shi ne ɗan zoben da ke tsayar da sanda kar ta koma har ƙarshe, in itacenka 40 ne injin kuma 52 ba dalilin da za ta riƙa tafiyar banza santimita 12 kowane zuwa. Baba ka duba wanda yake da shi.

Malam Shiru
Ni dai ina karatu ina mamaki, ana ta maganar yadda za a gama da bishiya da sauri babu wanda ya ce a dasa wata

Baban Ummi
Malam gaskiyarka. Biyu iska ce ta karya su, biyu kuma saiwarsu ta shiga ƙarƙashin katanga, na riga na dasa shida a can nesa da gini

Kawu Mai Gatari
Duk na karanta. Lissafi, waya, noti, tiyata. Gatarina bai taɓa neman ko ɗaya ba

Maman Khalil
Kawu ai naka ma yana neman baya mai lafiya, shi ne kayan gyaran da ba a sayarwa 😄

Baba ga yadda nake gani, kuma ra'ayina ne kawai. Kashi tara cikin goma na itacenka ƙaramin inji zai cinye shi. Manyan sha biyun nan su kaɗai ne ke jan ka zuwa babban inji, kuma in ka gama da su ba lallai ka sake samun irinsu nan kusa ba. Me zai hana ka ɗauki hayar babba na yini ɗaya ko ka kira mai shi ya zo ya rarraba maka su gida huɗu-huɗu, ko mai zarto ya tsaga su biyu, daga nan ƙaramin ya ƙarasa? Sai ka zauna da wanda za ka iya jawowa da kanka ka yi rabin awa da yamma ka mayar. Ni abin da na lura shi ne injin da tayar da shi ke da sauƙi shi ake amfani da shi, wanda sai an yi shiri kuwa sai a yi ta cewa gobe.

Dan Faskare
Na yarda da Hajiya amma da sharaɗi, kar ya sauka ƙasa da tan 7 saboda turaren. Mai tan 4 ko 5 zai ba shi haushi. Kuma kar a ruɗe shi da bakin nan mai tsaga huɗu lokaci ɗaya, a kan ƙaramin inji ƙarfin rabuwa yake yi sai ya maƙale, sai dai a kan siraran itace masu laushi.

Sarkin Gudu
Za ku tuna maganata ranar da ya maƙale ana dukansa da guduma

Makaniken Unguwa
Ba a dukan itacen da ya maƙale da guduma ma, ana lanƙwasa abubuwa. A mayar da sanda baya a sa wani ɗan itace mai siffar gatari a ƙarƙashinsa a tura, zai ɗaga shi ya fita

Baban Ummi
Salam jama'a, na dawo da rahoto bayan sati uku. Mai tan 7 na lantarki na ɗauka, mai ƙafafu da zoben tsayar da sanda, na sayi waya 2.5 mita 15. Abu Sadik notin iska shi na fara taɓawa kafin ma in jona. Na fara da turare kamar yadda Dan Faskare ya ce, yawanci sun tsage, kamar guda bakwai ne suka ƙi duk yadda na juya su na ware su gefe. Manyan kuma mai zarto ya zo ya raba min su biyu wasu huɗu, daga nan injin ya ci ta gefe-gefe. Gaskiya yana da nawa, Kawu da yana nan zai yi min dariya, amma ina yin awa ɗaya in shiga gida a miƙe. Tebur ɗin gefe da Makanike ya faɗa shi ne ya fi komai amfani.

Yanzu wata tambayar, na tara su tsibi guda a jikin katanga na lulluɓe da tamfol har ƙasa, da na ɗaga jiya sai na ga gumi a ciki da ɗan fari-fari kamar funfuna a wasu. Na yi kuskure ne?

Dan Faskare
Ka yi Baba, ka cire tamfol ɗin yau. Iska ce ke busar da itace, ka jera su layi-layi a kan wasu sanduna ko falet kar su taɓa ƙasa, ka bar rata kamar tafin hannu tsakaninsu da katanga, saman kawai za ka rufe gefe a buɗe. Ɗanyen itace kusan rabinsa ruwa ne, ana so ya sauko ƙasa da kashi 20 cikin 100 kafin a ƙona, in ba haka ba hayaƙi ne kawai da tsuwa. Akwai ɗan na'urar awon danshi mai tsinke biyu, in ka samu ka tsaga guda ɗaya ka soka a sabuwar fuskar, kar ka auna a waje zai yi maka ƙarya. Waɗancan bakwai ɗin da suka ƙi, ka ɗauko min hotonsu ta fuskar yankan in ga ta inda za a shige su

Kawu Mai Gatari
Ka ajiye min su kawai, ina zuwa da gatari